Hanyoyi Biyar na Farfaɗo da Ƙaramin Gari: Wacce Ta Dace da Naku?

Duk inda 'yan gari suka zauna taro kan yadda za a tsayar da watsewar mutanensu, shawara ba ta ƙaranci. Wannan ya ce a kafa ƙungiya a riƙa sarrafa abin da ake nomawa, wancan ya ce a gyara tsofaffin gine-gine baƙi su zo kallo. Wani ya ce a haɗa kuɗi a sayi filin kasuwa ko a kafa wutar lantarki, wani kuma ya ce a nemo matasa masu aiki ta intanet a ba su gidajen da ba kowa. Kowa da hujjarsa, kuma kusan kowa yana da labarin wani gari da hanyar tasa ta yi wa rana. Matsalar ita ce kuɗin da ke hannu na abu ɗaya ne, haƙurin jama'a ma na abu ɗaya ne. Garin da makarantarsa ta koma aji uku, kantinsa na ƙarshe ke shirin rufewa, ba shi da ƙarfin yin kuskure sau biyu.

Na ajiye batun jiran babban kamfani daga waje. Idan ya zo, madalla, amma shawarar zuwansa da ta tafiyarsa duk a wani ofishi mai nisa ake yanke su, kuma garuruwa da yawa da ke kuka a yau kamfani ɗaya ne ya raine su, ya kuma tafi ya bar su. Magana a nan kan abin da 'yan gari za su iya farawa da hannunsu ce.

Ma'aunin da za a auna da shi

Na farko, kuɗin farawa da inda zai fito. Gudummawar mambobi, kyautar gwamnati ko ta wata gidauniya, da bashi, ba su zama ɗaya ba ko da adadinsu ya zo daidai, domin bashi yana da ranar biya ko an ci riba ko ba a ci ba.

Na biyu, yaushe za a fara gani a ƙasa. Mutanen da suka gaji ba za su jira shekara goma a kan alkawari ba.

Na uku ƙarko: idan wanda ya kawo shawarar ya mutu ko ya ƙaura, idan tallafi ya yanke, abin zai ci gaba da tafiya?

Na huɗu wahalar gudanarwa, wato mutum nawa ake buƙata masu iya lissafi, riƙon amana da haƙuri da jama'a. Na biyar haɗari, ba yiwuwar faɗuwa kaɗai ba, har da abin da faɗuwar za ta tafi da shi.

Na shida shi ne wanda na fi ba nauyi: ina ribar ke kwana? Tattalin arzikin ƙaramin gari tamkar tulu ne. Kuɗi na shiga ta amfanin gona, albashi, fansho da saƙon 'ya'yan da ke birni, yana kuma fita ta sayen kaya, mai, haya da kuɗin ruwa. Garuruwa da yawa ba ƙarancin shigowa ke damunsu ba, hujin gindin tulun ne. Hanyar da ta ƙara ruwa ba ta toshe huji ba, takan ƙawata gari na ɗan lokaci, amma ba ta hana kowa tafiya.

Hanya ta farko: ƙungiyar gama kai mai sarrafawa da sayarwa

Tunanin mai sauƙi ne. Masu samar da abu iri ɗaya su tara kayansu wuri guda, su sarrafa, su kai kasuwa da kansu, ribar da dillali ke ɗauka ta dawo musu.

Misalin da ya fi fito da yadda abin ke aiki shi ne na Anand a jihar Gujarat ta Indiya. A tsakiyar shekarun 1940 makiyayan gundumar Kaira ba su da mai sayen madararsu sai 'yan kwangilar kamfanin Polson, wanda ke da ikon kai madara birnin Bombay shi kaɗai. Suka yi yajin sayarwa na kwana 15, sannan a watan Disamba na 1946 suka yi rajistar ƙungiya a ƙarƙashin Tribhuvandas Patel. Da ƙungiyoyin ƙauye biyu aka fara, da madarar da ba ta wuce lita 250 a rana ba. A 1949 wani matashin injiniya, Verghese Kurien, ya zo garin, daga baya ya zama manajanta. Ita ce Amul, wadda a yau take da mambobi fiye da miliyan 3.

Sirrin yana bakin rumfar tara madara. Safe da yamma mace za ta zo da ɗan bokitinta, ko lita biyu ce. A auna a gabanta, a ɗebi kaɗan a gwada yawan man da ke ciki, a rubuta, a biya ta gwargwadon man ba tare da dogon jira ba. Mai saniya ɗaya da mai goma layi ɗaya suke bi, kuma ranar zaɓe kowa ƙuri'a ɗaya gare shi. Awo a fili da biya a kan kari su suka riƙe mutane, ba jawabi ba.

Kuɗin farawa matsakaici ne, kuma ana iya hawa mataki-mataki: sikeli da rumbu da farko, injin sarrafawa daga baya, mota bayan an ga riba. Amfani na fara bayyana tun kakar farko idan farashin ƙungiya ya ɗara na dillali. Ta fuskar ƙarko, babu hanyar da ta kai ta. A garin Mondragon na yankin Basque a Sifaniya, wani limamin coci, José María Arizmendiarrieta, ya buɗe makarantar koyon sana'a a 1943. A 1956 ɗalibansa biyar suka kafa masana'antar murhun kananzir wadda ma'aikata suka mallaka, a 1959 aka kafa bankin ƙungiya. Yau dubban gomomin mutane ke aiki a rukunin. Da kamfaninsu na kayan lantarkin gida, Fagor, ya karye a 2013, sauran ƙungiyoyin ne suka karɓi mafi yawan mambobinsa aiki. Karyewar ta nuna cewa gama kai ba ya kare mutum daga kasuwa, amma yana rage zafin faɗuwa.

Wahalarta a gudanarwa take. Abu uku ke kashe ƙungiya: mambobi su riƙa sayarwa ta bayan fage duk ranar da dillali ya ƙara ɗan wani abu, shugabanni su mayar da asusu aljihunsu, ko 'yan siyasa su mayar da ita dandalin rabon muƙami. Maganin ukun sananne ne: a ɗauki ƙwararren manaja a biya shi albashi, a raba aikinsa da na shugabannin da aka zaɓa, a kawo mai binciken kuɗi daga waje duk shekara, a karanta rahotonsa a bainar jama'a. Garin da ba zai iya jure wannan ba, gara kada ya fara.

Hanya ta biyu: gari ɗaya, haja ɗaya

A nan ba yawa ake bi ba, daraja ake bi. Gari ya zaɓi abu ɗaya da zai iya yi fiye da maƙwabtansa, ya inganta shi har sunan garin ya zama sunan hajar.

A 1961 mutanen Oyama, wani gari mai duwatsu a lardin Oita na Japan, suka ga cewa shinkafar da gwamnati ke ƙarfafa nomanta ba za ta fitar da su daga talauci a irin ƙasarsu ba. Suka koma dasa itatuwa iri biyu masu 'ya'yan da ake ci, ume da kuri, da taken cewa a dasa su a tafi Hawaii yawon shaƙatawa. Bayan wasu shekaru kuwa manoman suka je. Gwamnan lardin, Morihiko Hiramatsu, ya ɗauki darasin ya ƙaddamar da shirin ƙauye ɗaya, haja ɗaya a 1979, inda gwamnati ke taimakawa da horo, bincike da talla, zaɓin haja kuma ya rage wa mutanen ƙauye.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na garin Kamikatsu a tsibirin Shikoku na Japan. Tsananin sanyin 1981 ya kashe itatuwan lemonsu. Wani malamin gona, Tomoji Yokoishi, yana cin abinci a Osaka ya ga wasu 'yan mata suna sha'awar ganyen da aka ƙawata farantinsu da shi, har ɗaya ta naɗe shi ta tafi da shi. Ganye kuwa shi ne abin da garinsu bai rasa ba. A 1986 ya fara da mata huɗu, aka yi ta yi masa dariya, kayan farko ma ba su karɓu ba. Sai ya riƙa kashe albashinsa a manyan gidajen abinci don ya ga wane ganye ake so, mai wane girma, a wane wata. Yau tsofaffin mata, wasu sun haura 80, su ke duba odar ranar a kwamfutar hannu, su fita bayan gida su tsinko ganye, su jera su daidai wa daida a ƙaramin mazubi kafin motar rana ta tashi.

Wannan ita ce hanya mafi arha a farawa, domin da abin da ke akwai ake yi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tana kuma ba tsofaffi da mata aiki mara nauyi. Amma tana cin lokaci, shekara uku zuwa biyar kafin kasuwa ta san ku, ya fi haka idan itace za a dasa. Haɗarinta biyu ne. Haja ɗaya na nufin cuta ɗaya ko faɗuwar farashi ɗaya na iya durƙusar da kowa. Sannan kwaikwayo: da Tailan ta ɗauki tsarin a 2001 ta hannun gwamnati daga sama, an samu cinikin da ba a raina ba, amma an kuma samu ƙauyuka da yawa suna fitar da kaya masu kama da juna suna karya wa juna farashi. Abin da ya raba Kamikatsu da masu kwaikwayonta shi ne wani ya fara sanin mai saye kafin a tsinki ganye ɗaya.

Gaskiya guda da ba a cika faɗa ba: duk da nasarar, yawan mutanen Kamikatsu bai daina raguwa ba, yanzu ba su kai 1,500 ba. Hanyar ta ƙara kuɗi da mutunci, amma ita kaɗai ba ta cika makaranta da yara.

Hanya ta uku: yawon buɗe ido

Ita ta fi daɗin faɗa a taro, ita kuma na fi jin tsoro.

Tana aiki, ba musu. Hay-on-Wye, ƙaramin gari a kan iyakar Wels da Ingila, ya farfaɗo bayan Richard Booth ya buɗe shagon tsofaffin littattafai a farkon shekarun 1960, wasu suka biyo baya, har aka fara bikin adabi a 1988 da ke jawo dubban baƙi duk shekara. A Amurka, shirin Main Street da aka gwada a garuruwa uku a 1977 aka kuma faɗaɗa a 1980 ya nuna cewa gyaran tsohon titin kasuwa, shago bayan shago, yana dawo da ciniki. A lura da abin da ya haɗa su: da ƙananan kuɗin masu shaguna aka fara, baƙi suka zo kallon abin da garin ke yi da gaske.

Ɗaya fuskar ita ce Yubari a arewacin Japan. Garin haƙar kwal ne da ya kusa kai mutum 120,000 a wajajen 1960. Da ramukan haƙar suka fara rufewa, na ƙarshe a 1990, hukumar garin ta ranci kuɗi ta gina wurin wasanni, ta sayi otal-otal da filin wasan ƙanƙara, da fatan baƙi za su maye gurbin kwal. Ba su zo yadda aka lissafa ba. A 2007 garin ya shiga hannun tsarin farfaɗo da garuruwan da suka karye, da giɓin yen biliyan 35 da 'yan kai. Aka mayar da asibitin gari ƙaramin ɗakin shan magani, aka haɗe makarantu, aka ƙara haraji, mutane suka ƙara gudu. Yau ba su kai 10,000 ba.

Kuɗin farawa ya danganta: ɗakunan baƙi a gidajen jama'a da bikin shekara ba su da tsada, gina abin kallo daga tushe kuwa rami ne. Aikin na kaka ne, albashin ƙarami. Annoba, rashin tsaro, lalacewar hanya, ko kawai sauyin yayi, kowanne na iya katse baƙi cikin mako guda, kamar yadda duniya ta gani a 2020. Ribar ma takan zube waje idan otal da motocin ɗaukar baƙi na wasu ne.

Hanya ta huɗu: gari ya mallaki kadara

Wannan ita ce toshe huji kai tsaye. Jama'a su kafa amintacciyar hukuma da doka ta san da ita, ta sayi abin da kowa ke biya wa kuɗi: ƙasa, gidajen haya, kanti, rumbun ajiya ko tashar wuta.

Tsibirin Eigg a yammacin Sikotland ya daɗe a hannun masu mallaka daga nesa. Mazaunansa, kimanin 65, yawancinsu ba su da tabbacin zama a gidajen da suke ciki, don haka ba mai gyara rufi balle ya kafa sana'a. Ranar 12 ga Yuni 1997 suka sayi tsibirin a kan fam miliyan 1.5, da gudummawar dubban mutane, ciki har da kaso mai tsoka daga wani da ya ɓoye sunansa. A 2008 suka kunna wutarsu ta ruwa, iska da rana. Kowane gida kilowat 5 aka yanka masa, wurin sana'a 10, wanda ya wuce ƙima wutarsa ta ɗauke sai an zo an mayar. Mutanen tsibirin ne aka horar suke kula da injinan. Yawansu ya haura 100. Gigha, wani tsibirin na Sikotland, ta bi sahu a 2002 a kan fam miliyan 4, ta kafa injinan iska uku na hannu tana sayar da wuta, mutanenta suka tashi daga ƙasa da 100 zuwa sama da 150. A tsibirin Samsø na Danmak, bayan 1997, manoma da sauran mazauna suka sayi hannun jari a injinan iska, shi ya sa ba su yi adawa da kafa su a kusa da gonakinsu ba.

Cikin hanyoyi biyar ɗin, a nan na fi ganin yawan jama'a ya juya ya fara hawa, kuma dalilin a bayyane yake: matashi ba ya zama inda ba zai samu gida ko fili ba. Amma ita ce mafi tsada, kuma da wuya ta yiwu ba da tallafin waje ba. Sikotland tana da asusun sayen ƙasa da dokar 2003 da ta ba al'umma damar fara tayawa, abin da ƙasashe da yawa ba su da shi. Gigha sai da ta mayar da bashin fam miliyan 1 cikin shekara biyu, har ta sayar da babban gidan tsibirin don cike kuɗin, daga baya kuma gyaran gidaje ya jefa ta bashi mai nauyi. A Jojiya ta Amurka, manoma baƙaƙen fata sun kafa gonar haɗin gwiwa mai suna New Communities a 1969 a kan eka kusan 5,700, amma fari da bashi da hana su rancen gaggawa suka sa ƙasar ta suɓuce a 1985. Sai bayan shekaru da dama aka biya su diyyar wariyar da aka nuna musu. Idan kadarar da aka jingina ta tafi, da guminsu da amanar juna take tafiya.

Akwai ƙaramin sigarta ga wanda ba shi da ƙarfin tsibiri: sayen kanti ɗaya da zai rufe, a sayar wa jama'a hannun jari mai arha, a haɗa ma'aikaci ɗaya da 'yan sa kai. Ɗaruruwan ƙauyukan Birtaniya sun yi haka, kuma kaɗan ne daga cikin kantunan suka rufe.

Hanya ta biyar: jawo sababbin mazauna

Gidajen yuro ɗaya na Italiya, wato tsofaffin gidajen da ba kowa da garuruwa ke sayarwa a wannan farashi, sun yi suna. A Sambuca ta Sisili, a 2019, an fara gwanjo daga yuro 1, amma mai saye zai ajiye yuro 5,000 ya kuma gyara gidan cikin shekara uku da kuɗinsa. Gidaje sun gyaru, magina sun samu aiki, sai dai da yawan masu sayen hutu kawai suke zuwa. Gida mai sabon fenti da ke kulle wata goma bai ƙara wa makaranta ɗalibi ba.

Kamiyama a Japan ta bi wata hanya dabam. Ƙungiyar 'yan garin, wadda daga baya ta zama Green Valley, ta fara da gayyato masu zane su zauna na ɗan lokaci tun 1999, garin ya saba da baƙin fuska. Da aka shimfiɗa wayar intanet mai sauri, kamfanin Sansan ya buɗe ƙaramin ofis a wani tsohon gida a 2010, wasu suka biyo. Abin koyi shi ne yadda suke raba gidajen da ba kowa: ba duk mai so ake ba ba, sai su ce wannan gidan na mai gasa burodi ne, wancan na mai tsara shafin intanet, su jira wanda ya dace. A 2023 har kwalejin fasaha aka buɗe a garin mai mutum kusan 5,000.

Kuɗinta matsakaici ne idan akwai wuta, intanet, makaranta da asibiti. Idan babu su, kada a ɓata lokaci. Haɗarinta na zamantakewa ne: haya ta tashi, 'yan gari su ji an fifita baƙi, baƙi su ji ba a karɓe su ba su koma.

A jere

| Hanya | Kuɗin farawa | Lokacin gani a ƙasa | Ƙarko | Gudanarwa | Babban haɗari | Inda riba ke kwana |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Ƙungiyar gama kai | Matsakaici, mataki-mataki | Kaka ɗaya ko biyu | Mai tsawo | Mai wuya | Cin amana, sayarwa ta bayan fage | Wurin mambobi |
| Haja ɗaya | Kaɗan | Shekara 3 zuwa 5 | Matsakaici | Matsakaiciya | Faɗuwar farashi, kwaikwayo | Yawanci a gari |
| Yawon buɗe ido | Kaɗan ko mai yawa sosai | Da wuri, amma na kaka | Mai rauni | Matsakaiciya | Bashi, yankewar baƙi | Sau da yawa a waje |
| Mallakar kadara | Mai yawa | Shekaru | Mai tsawo | Mai wuya sosai | Rasa kadarar da aka jingina | A gari |
| Sababbin mazauna | Matsakaici | Shekara 2 zuwa 5 | Ya danganta da zamansu | Matsakaiciya | Tsadar haya, rashin jituwa | Rabi da rabi |

Asusu, kafin komai

Ko wacce aka zaɓa, tana buƙatar wurin ajiya da rance na 'yan gari. Friedrich Raiffeisen ya gane haka a ƙauyukan Jamus tun shekarun 1860, lokacin da masu ba da bashi da ruwa ke cinye gonakin manoma. Mondragon ba ta faɗaɗa ba sai da ta kafa bankinta. Tsarin asusun ƙauye na ajiya da rance da ya bazu a ƙasashe da dama ya faro ne a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara: mutum 15 zuwa 30, akwati mai makulli uku a hannun mutum uku, kuma ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Irin wannan asusu ba zai sayi inji ba, amma a cikinsa ake gane wa ke biya a kan lokaci, wa ya iya rubuta lissafi, wa za a iya danƙa wa makulli. Daga nan ake samun ma'ajin babbar ƙungiya.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Idan a garinku gidaje da yawa suna samar da abu iri ɗaya, kuma kukan kowa shi ne dillali ke yanka farashi, ƙungiyar gama kai ce taku. Ku fara da tarawa da sayarwa tare na kaka biyu kafin ku ci bashin inji.

Idan yawancin waɗanda suka rage tsofaffi ne, ƙasa ba yalwa, kuɗi ba yawa, ku nemi haja ɗaya mara nauyi mai tsada. Kuɗin farko a kashe shi kan tura mutum ɗaya ya zauna da masu saye, ba kan kwali da tambari ba, kuma a tanadi haja ta biyu tun ta farko na tashe.

Idan matasa na son zama amma ba gida, ba fili, ko kuwa wuta da haya ke cinye ribar kowa, mallakar kadara ce za ta taɓa ciwon. Ku duba abin da dokar ƙasarku ta tanada, ku tabbata mafi yawan kuɗin ba bashi ba ne, kuma kadarar tana kawo kuɗin da zai ɗauki gyaranta.

Idan kuna da wuta, intanet da makaranta mai kyau, ga gidaje a kulle, birni kuma bai fi tafiyar awa biyu ba, ku gwada jawo mazauna, amma ku zaɓi sana'ar da garin ya rasa, ku kuma ba 'ya'yanku da ke son dawowa dama iri ɗaya da ta baƙo.

Yawon buɗe ido na garin da baƙi suka riga suka fara zuwa da kansu ne, a matsayin ƙari a kan wata sana'a, da kuɗin masu shaguna da masu ɗakuna, ba da bashin hukumar gari ba.

Idan kuwa garin ya rabu gida-gida, an taɓa haɗa kuɗi sun salwanta, ba wanda ya yarda da wani, babu ɗaya daga cikin biyar ɗin da ta dace tukuna. A 1970 gwamnatin Koriya ta Kudu ta raba wa ƙauyuka sama da 33,000 siminti buhu 335 kowanne, su yi aikin da ya amfani kowa. Kusan rabi ne suka haɗa da guminsu da kuɗinsu suka yi abin a zo a gani, kuma su aka ƙara wa siminti da rodi a shekara ta gaba. Irin wannan gari ya yi wa kansa gwajin: aiki ɗaya ƙarami da za a gama cikin wata uku, kamar gyaran gada ko rufin kasuwa, a manna lissafin shiga da fita a inda kowa zai karanta, a buɗe asusu a gefe, sannan a sake zama a shekara mai zuwa a zaɓa tsakanin hanya ta farko da ta biyu.